Me ke sa a ware takardar mutum daga tulin masu neman aiki?

Nasiru, Unguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum, iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar ɗaukar ma'aikata. Na karanta ilimin akanta a Jami'ar Jos, na yi bautar ƙasa a wata makarantar sakandare, kuma tun da na gama nake riƙe wa mahaifina lissafin shagonsa na hatsi a kasuwar Katako. Duk inda na ga sanarwar aiki, a nan Jos ko a Abuja, nakan aika CV, wato takardar tarihin karatuna da aikina, amma har yau ba a kira ni intabiyu ba. Shafi huɗu ne, a wani shagon buga takardu aka tsara mini shi, da hotona a sama, da launuka, da jerin makarantun da na yi tun daga firamare. Shin daga takardar ne matsalar take, ko kuwa dama ba a karanta abin da muke aikawa?

Hajiya Rabi, Garki, Abuja:
Wa alaikumus salam, ɗana Nasiru. Na daɗe a sashen kula da ma'aikata, kuma tace irin waɗannan takardu yana cikin aikina, saboda haka bari in fara gaya maka yadda abin yake a ɓangarenmu. Idan aka rufe karɓar takardu, zagayen farko ba na zaɓe ba ne, na ragewa ne. Mai tacewa yana da sanarwar aikin a gefensa, da sharuɗɗan da shugaban sashen da ke neman ma'aikaci ya gindaya, kuma abin da yake nema a rabin shafin farko shi ne hujjar da za ta sa ya ci gaba da karantawa. Idan ya tarar rabin shafin nan ya cika da hoto, da ranar haihuwa, da addini, da wata doguwar jimla mai cewa mutum yana son yin aiki a wurin da zai ba da gudummawa don ci gaban kamfani, to bai ga komai ba tukuna, kuma akwai sauran takardu masu yawa suna jiransa. Wannan jimlar ta buri, kusan kalma da kalma, muna ganinta a takardu barkatai, domin daga samfuri ɗaya shagunan buga takardu suke kwafo ta.

Shafi huɗu ya yi wa wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba yawa. Ɗaya ya isa, idan abin faɗa ya yi yawa a kai biyu. Makarantar firamare ta fita. Amma babban abin da nake so ka riƙe shi ne, ka ce kana aika takarda ɗaya duk inda ka ga sanarwa, kuma a ganina nan ne ciwon yake. Kamfanin da ke neman mai kula da kuɗin shiga da fita, da ƙungiyar agaji da ke neman mataimakin jami'in kuɗi, da banki mai ɗaukar sabbin ma'aikata don horarwa, ba abu ɗaya suke nema ba. Kowace sanarwa sai ka zauna ka karanta ta da biro a hannu, ka ja layi a ƙarƙashin abubuwan da aka ce dole ne, sannan ka tambayi kanka a ina takardarka ta nuna kowanne daga ciki.

Ɗanjuma, Mararaba:
Hajiya, da girmamawa, ina ganin muna ɗora wa yaron nan laifin da ba nasa ba. Kowa ya san yadda ake samun aiki a Abuja. Sau da yawa kafin a fitar da sanarwa an riga an san wanda za a ba, ana fitar da ita ne don a cika ƙa'ida. Wanda ba shi da kowa a sama, ko da ruwan zinare ya rubuta takardarsa, ba za a kira shi ba. Gara a gaya wa matasa gaskiya da a sa su ɓata lokaci wajen gyaran shafi.

Hajiya Rabi:
Malam Ɗanjuma, ban musa ba cewa akwai wuraren da hanya ce ke aiki, na gani da idona kuma abin yana ɓata mini rai. Sai dai ba ko'ina ba ne. Mai kamfanin da kuɗinsa ne a ciki ba zai ɗauki akantan da zai rikita masa lissafi don kawai ɗan wane ne ba, kuma ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi daga waje ana binciken yadda suka ɗauki ma'aikata, sai sun ajiye takardar makin da suka ba kowane mai nema. Ko wanda yake da hanya ma, abin da ake fara ce masa shi ne ya turo CV, kuma na sha ganin wanda aka kawo sunansa ya faɗi domin mai kawo shi ya ji kunyar kare takardar da ya turo. Nasiru ba shi da iko a kan wanda ya san wane, amma yana da iko a kan shafin nan, shi ya sa nake magana a kansa.

Malam Garba, Gangare, Jos:
Ina so in raba maganar gida biyu, domin na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, kuma abin da Hajiya ta faɗa ya fi shafar kamfanoni da ƙungiyoyi. A aikin gwamnatin tarayya, yawanci fom ake cikewa a shafin intanet na hukumar da ke ɗauka, kuma abin da ke kayar da mutane a can ba ƙawar takarda ba ne, saɓanin bayanai ne. Sunanka a takardar WAEC daban, a shaidar digiri an juya shi, a katin ɗan ƙasa an ƙara wani suna, ranar haihuwa kuma ta bambanta. Wanda yake da irin wannan ya je ya gyara tun kafin a buɗe ɗaukar aiki, ya yi takardar rantsuwa a kotu idan ta kama. Sai shaidar kammala bautar ƙasa, ko ta yafewa ga wanda ya wuce shekara 30 kafin ya gama karatu. Dokar NYSC, hukumar bautar ƙasa da aka kafa a 1973, ta sa masu ɗaukar aiki su nemi wannan takarda, saboda haka a rubuta shekararta a fili.

Game da jihar asali kuwa, kada a yi saurin cewa a cire. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa, kuma akwai hukumar tarayya da aikinta ke nan, tabbatar da an yi rabon daidai. Wanda ya nemi aikin gwamnati bai faɗi jiharsa da ƙaramar hukumarsa ba, takardarsa ba ta cika ba.

Malama Saratu, Bukuru:
Baba Garba, na yarda da kai a kan aikin gwamnati, amma ina roƙon a bambance. Mu da muke zaune a Jos mun san nauyin maganar ɗan asali da baƙo, mun san yadda takardar shaidar ƙaramar hukuma take zama abin wahala ga mutanen da a nan aka haifi iyayensu. Me zai sa matashi ya ɗauki wannan nauyi ya kai shi gaban kamfanin da bai tambaye shi ba? Ni shawarata, inda ba a nema ba, kada a rubuta addini, ko ƙabila, ko jiha, ko maganar aure. Mata sun fi jin wannan a jikinsu. Da zarar an ga matar aure mai ƙananan shekaru, wasu sai su fara lissafin hutun haihuwa tun ba su duba abin da ta iya ba. A Ingila da Amurka ma ba a saba sa hoto ko shekaru a irin wannan takarda ba, domin a kauce wa nuna bambanci, kuma ƙungiyoyin waje da ke aiki a Abuja da wannan al'adar suka zo.

Malam Garba:
'Yata, ai sunan mutum kaɗai yakan faɗi abin da kike so a ɓoye. Wanda zai nuna bambanci zai nuna ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Malama Saratu:
Haka ne, Baba, suna ba ya ɓoyuwa, kuma ban ce kowa ya ji kunyar asalinsa ba. Abin da nake nufi shi ne wurin da waɗannan layuka suka cinye a saman shafi, wuri ne mafi tsada a takardar, ya kamata a ba shi abin da zai sa a kira mutum. Inda aka tambaya a fom, a amsa da gaskiya. Bankuna sukan sa iyakar shekaru a sanarwarsu, a nan sai a rubuta ranar haihuwa tunda sharaɗi ce.

Injiniya Bello, Kubwa:
Bari in shigo da ɓangaren na'ura, domin akwai abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suna amfani da manhajar da ke karɓar takardun masu neman aiki, ta ciro rubutun da ke ciki, ta zuba shi a gurabe: suna, karatu, wuraren aiki, ƙwarewa. Daga nan mai tacewa yakan bincika da kalmomin da ke cikin sanarwa. Idan takardarka hoto ce, wato ka buga ta a takarda sannan ka ɗauke ta da waya ko ka yi mata sikanin, manhajar na iya kasa ciro ko kalma ɗaya. Haka nan shafin da aka raba gida biyu, da akwatuna, da zane-zanen da ke nuna wai ka iya abu kaza kashi kaza, duk suna iya hargitsa tsarin rubutun. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce ka buɗe fayil ɗin, ka kwafe rubutun gaba ɗaya ka liƙa a shafin da ba shi da ado. Idan ya fito a jere yana karantuwa, to lafiya. Idan ya cakuɗe, haka zai iya isa gare su.

Sannan idan sanarwa ta ce ana son wanda ya iya Excel ko QuickBooks ko Sage, kuma ka iya, ka rubuta sunan manhajar kamar yadda suka rubuta, kada ka tsaya a cewa kana da ilimin kwamfuta. Ka adana fayil ɗin a tsarin PDF sai dai idan sun nemi Word, ka sa masa cikakken sunanka, kuma adireshin imel ɗinka ya zama sunanka ne, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba.

Hajiya Rabi:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai kada tsoron na'ura ya yi yawa. Ƙananan kamfanoni da yawa a nan Abuja akwatin imel kawai suke da shi, mutum ne ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma a wayarsa. Abin daɗin shi ne takarda mai sauƙi, baƙin rubutu a farin shafi, tana yi wa na'ura daɗi tana yi wa idon mutum daɗi. In ƙara da abu ɗaya: idan sanarwa ta ce a rubuta sunan muƙamin ko lambarsa a kan saƙon imel, wanda bai rubuta ba saƙonsa na iya ɓacewa tun ba a buɗe shi ba, domin da wannan kan saƙon muke tattara su.

Nasiru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai abin da ya fi damuna. Ban sa shagon mahaifina a takardar ba ko kaɗan, domin ina ganin za a raina shi, shi ya sa tun bayan bautar ƙasa wurin ya zama fili babu komai. Wani ya ba ni shawara in sa sunan kamfanin wani abokinsa, in ce na yi aikin akanta a can, zai ba ni wasiƙa idan an nema. Me kuke gani?

Malam Garba:
Kada ka kuskura, ɗana. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A aikin gwamnati ana iya korar mutum bayan shekaru idan aka gano bayanin ƙarya ya bayar wajen shiga, kuma sunan da ya ɓaci a wannan harka yana da wuyar wankuwa.

Hajiya Rabi:
Na goyi bayan Malam Garba ɗari bisa ɗari, kuma ba ma sai an je bincike ba. Tambaya biyu ko uku a intabiyu sun isa su tona wanda bai yi aikin ba: wace manhaja kuke amfani da ita, wa kake miƙa wa rahoto, yaya kuke rufe lissafin wata. Amma abin da ya fi taɓa ni a saƙonka shi ne ka ɓoye abu mafi daraja da kake da shi. Kai da ka karanta akanta, kana riƙe lissafin kasuwanci na gaske, inda kuɗi ke shiga suna fita kullum, akwai masu karɓar kaya bashi, akwai masu kawo kaya daga ƙauye da ake biya, akwai farashin da ke hawa da sauka tsakanin kaka da bazara, sannan ka ce ba ka da ƙwarewa? Wanda ya zauna a ofis yana yin fotokwafi da sunan aiki bai kai ka sanin lissafi ba.

Yadda za ka rubuta shi ne abin lura. Kada ka ce kana taimaka wa mahaifinka a shago. Ka rubuta muƙamin da ya dace da abin da kake yi da gaske, mai kula da lissafi a kasuwancin hatsi na iyali, kasuwar Katako, Jos, daga shekara kaza zuwa yau. A ƙarƙashinsa layi uku ko huɗu, kowanne ya faɗi abin da ka yi da abin da ya haifar. Misali, idan kai ne ka mayar da lissafin daga littafi zuwa Excel, ka faɗa. Idan kana bibiyar bashin abokan ciniki, ka faɗi yawansu da yadda bashin ya ragu. Idan kana daidaita abin da ya shiga ta POS da tiransifa da takardar banki a ƙarshen wata, wannan shi ne ainihin aikin da kamfanoni ke biyan albashi a kansa. Lambobin su zama na gaskiya, waɗanda za ka iya karewa idan an tambaye ka, kuma ba sai ka tona sirrin jarin mahaifinka ba, yawan buhuna ko yawan abokan ciniki ya wadatar. Bautar ƙasarka ma haka: darasin da ka koyar, ajujuwa nawa, ɗalibai nawa, da duk wani nauyi da aka ɗora maka bayan koyarwa.

Bambancin da nake nema a kowace takarda ke nan. Mafi yawa suna jera ayyukan da aka ce su yi, ko halayen da suke yabon kansu da su, mai gaskiya, mai ƙwazo, mai aiki da jama'a. Kowa yana iya rubuta wannan. Kaɗan ne suke nuna abin da ya canza saboda suna wurin, kuma su ne nake warewa gefe.

Malama Saratu:
Wannan ya shafi 'yan'uwana mata da suka zauna gida bayan aure ko haihuwa, suna sayar da kaya ta WhatsApp, ko suna riƙe adashi, ko suna koyarwa a Islamiyya ko a coci. Su ma kada su bar shekarun nan fili. Haka ɗaliban da suka yi horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF mai hedikwata a nan Jos ke kula da shi, da yawa suna rubuta sunan wurin kawai ba su faɗi abin da hannunsu ya taɓa ba.

Injiniya Bello:
Nasiru, tunda akanta ka karanta, ka yi tunanin rajista da ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci. Kwalejin ANAN ma tana Kwall, kusa da ku. Ko ba ka gama ba, rubuta cewa kai ɗalibi ne mai rajista, da matakin da ka kai, yana nuna ba zama kake yi ba. Mu injiniyoyi hukumar da ke yi mana rajista COREN ce, malamai kuma TRCN. Amma tarin satifiket na taron kwana ɗaya da ba su shafi aikin ba, a bar su a gida. Kuma ni ina ba da shawarar a yi amfani da ChatGPT wajen gyara Turancin, domin kuskuren rubutu yana kayar da takarda mai kyau.

Malama Saratu:
Injiniya, a nan ina da ja. Ina ganin takardun da ɗalibaina na da suke kawo mini, Turanci mai santsi amma babu mutum a ciki, har da ƙwarewar da mai takardar bai san ma'anarta ba. Idan za a yi amfani da shi, a fara rubuta gaskiyar da hannu, a ba shi ya gyara nahawu kawai, sannan a karanta layi-layi a cire duk abin da ya ƙara. Bayan haka a ba wani mutum mai ido ya duba, musamman lambar waya da shekaru, domin na'ura ba ta san lambarka ba daidai ba ce.

Injiniya Bello:
Na karɓi wannan gyara, Malama, abin da nake nufi ke nan. Wanda ya bar manhaja ta ƙirƙira masa tarihi ya koma kan maganar kamfanin abokin nan ne ta wata ƙofa.

Ɗanjuma:
Har yanzu ina kan ra'ayina cewa sanayya tana da ƙarfi fiye da yadda Hajiya take nunawa, amma maganar shagon nan ta shige ni, domin ƙanena yana cikin irin wannan hali. Abin da zan ƙara shi ne gargaɗi. Kada kowa ya sa lambar NIN ko BVN a CV, kuma duk wanda ya ce a biya kuɗi kafin a ba da fom ko a kira intabiyu, a guje shi. Masu damfara suna fitar da sanarwar bogi don su tara bayanan mutane, kuma matashin da ya gaji da nema shi suka fi samu.

Malam Garba:
Sai maganar masu ba da shaida. Kada a sa sunan babban mutum don sunansa kawai, alhali idan an kira shi ba zai tuna ka ba. Malamin da ya duba aikinka na ƙarshe a jami'a, ko shugaban makarantar da ka yi bautar ƙasa, sun fi amfani. Ka nemi izininsu tukuna, ka tura musu takardar, ka gaya musu aikin da kake nema. Mahaifinka kuwa ba zai zama mai shaida ba, sai dai wani ɗan kasuwa da kuke hulɗa da shi wanda ya ga aikinka.

Nasiru:
Na fahimta, Baba. Tambaya ta ƙarshe, Hajiya. Idan aikin a Abuja yake, in sa adireshin Jos, ko in sa na yayana da ke Nyanya? An ce mini ba sa kiran wanda yake nesa.

Hajiya Rabi:
Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wasu kamfanoni suna gudun wanda zai ce ba shi da masauki, ko a kira shi gobe ya ce sai mako mai zuwa. Amma ba sai ka ɓoye Jos ba, tunda aikin da kake yi yanzu a Katako yake kuma za a gani. Cikakken adireshin gida ma ba dole ba ne, sunan gari ya isa. Ka rubuta Jos, ka ƙara a gefensa cewa kana da masauki a Nyanya kuma a shirye kake ka koma Abuja, sannan ka maimaita hakan a wasiƙar neman aikin. Idan ka gama sabon tsarin, ka cire lambar wayarka da sunayen masu shaida, ka ɗora shi a nan tare da sanarwar aiki guda ɗaya da kake son nema, mu duba su gefe da gefe.